Hitar ruwa ta rana ba ta zafi: abin da za a duba

Ɗan'uwa, ka ce hitarku ta kan rufi a Zango tun shigowar hunturu ruwa mai ɗumi kawai take bayarwa, alhali bara sai an sirka. Tawa ma ta taɓa yi mini haka.

Fara da ƙura. Hazon Damagaram cikin kwana uku yake lulluɓe gilashin, rana ta kasa ratsawa. Goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya ɗau zafi. Ka duba kuma ko yana kallon kudu, ba inuwar katanga ko tankin maƙwabci a kansa, don a hunturu rana ƙasa-ƙasa take bi.

Amma ni na fi zargin iska a bututu. Duk sanda famfo ya ɗauke, tanki ya sauka, iska kan shiga ta tsayar da zagayen ruwan. Cika tankin, ka bar famfon zafi a buɗe har ya daina tofi. Kuskuren da ya ci mini kuɗi: na saki ruwan sanyi cikin busasshiyar hita da azahar, bututun gilashi biyu suka fashe. Jira dare ko asuba.

In taka mai bututun gilashi ce, leƙa gindinsu. Lafiyayye yana sheƙi kamar azurfa. Wanda ya koma fari ya mutu, sai canji.

Farin dattin da ruwa ke daskararwa a ciki, da yoyo, da hitar lantarki ta cikin tankin, waɗannan bar wa mai gyara.