Daga gaban kyamara zuwa kujerar darakta

Malama, kin ce kin daɗe kina fitowa a wasannin talabijin a nan Sakkwato, yanzu kina son ki zama darakta, shin zai yiwu? Ƙwarai kuwa. Penny Marshall ta Amurka a wasan barkwanci na talabijin ta yi suna a shekarun 1970. Ta fara gwada hannu da ba da umarni a shirin da take fitowa, sannan a 1988 ta zama mace ta farko da fim ɗin da ta ba da umarninsa ya tara sama da dala miliyan 100 a Amurka.

Kin riga kin san yadda ake lallaɓa ɗan wasa har ya ba da abin da ake so, wanda daraktoci da yawa ba su iya ba. Gefen kyamara ne ya rage miki. Ki nemi zama mataimakiyar darakta, ki riƙe takardar jerin fitowa, ki lura ko hular da jarumi ya sa jiya ita ce a kansa yau. Sannan ki tare wurin edita, wato mai tace hotunan da aka ɗauka ya haɗa su. A nan za ki ga yadda rashin ɗaukar fuska kusa-kusa ke kashe fitowa sukutum. Ki kuma koyi tsara lokaci, don ranar Sakkwato ta watan Afrilu ba ta barin a yi ɗauka a waje da tsakar rana.

In da hali, akwai makarantar koyon fim ta gwamnatin tarayya a Jos. In babu, ki fara da gajeren fim na minti 10, ko da waya ne, ki kai wa NTA Sakkwato ko Rima TV su gani.