Amsa ga mai tambaya kan kajin da ke yin ƙwai mai laushin ɓawo

Malama, sannu da wannan damuwa, Allah ya kawo sauƙi. Da na karanta cewa kajinki sun koma yin ƙwai mai laushin ɓawo, wani ma babu ɓawon sam sai 'yar fata kawai, kuma kina tambaya ko ki nemi likitan dabbobi ko ki fara gwada magani da kanki, sai da gabana ya faɗi, domin a kan wannan hanyar na rasa kazar da na fi ji da ita.

Ba ki faɗi abin da kike ba su ba, kuma a nan ne na fi zargin matsalar take. Kusan kashi 95 cikin 100 na ɓawon ƙwai kalsiyam kabonet ne, wato sinadari mai ɗauke da kalsiyam ɗin da ke ƙarfafa ƙashi, kowane ƙwai ɗaya kuma yana cinye wa kaza kimanin giram 2 na kalsiyam, shi ya sa mai yin ƙwai take buƙatar wajen giram 4 a rana. Abincin da aka haɗa don kajin ƙwai yakan ƙunshi kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100, na 'yan tsaki kuwa bai wuce kusan kashi 1 ba, dusa da hatsi zalla kuma ba su ma kai nan ba. Idan kaza ta rasa a abinci, daga ƙasusuwanta take cirowa, har ta kai ƙafafunta su daina ɗaukarta.

Lokacin da nawa suka fara haka, wani mai sayar da magungunan dabbobi ne ya cuce ni. Bai ga kajin ba, bai tambayi shekarunsu ko abin da suke ci ba, ya dai katse ni tun ban gama bayani ba ya ce ciwon ciki ne, ya miƙo mini wani gari da za a riƙa zuba musu a ruwa. Daga baya ne likita ya duba takardar ya ce maganin sulfa ne, wato wani nau'in maganin kashe bakteriya, kuma irin waɗannan magunguna su kansu suna iya rage kaurin ɓawo. Wato abin da aka sayar mini don gyara shi ne ya ƙara dagula lamarin. Wata safiya na tarar da jar kazata a kusurwar akurki ta sauke jela, tana tsaye a miƙe tana yunƙuri babu abin da ke fitowa, gwaiduwa tana ɗiga daga duburarta, sauran kuma sun kewaye ta suna tsattsagar wurin. Da na ɗauke ta na ji cikinta ya kumbura ya yi zafi, zankonta ya yi fari ya lanƙwashe, ko motsi ba ta yi a hannuna ba, alhali kaza ce da ba ta yarda a kama ta. Kafin likita ya iso ta riga ta galabaita, ba ta kuma kai dare ba. Da ya buɗe ta ya nuna mini yadda ƙwan ya fashe a ciki, gwaiduwa ta bazu cikin ciki ta ruɓe. Na koma wurin mutumin nan na faɗa masa, sai ya ce mini kwananta ne ya ƙare, sannan ya jawo wata kwalbar bitamin wai in saya wa sauran. Har yau idan na tuna yadda ya faɗi maganar ko a jikinsa, raina yana ɓaci.

Saboda haka, duk kazar da kika ga ta daina cin abinci, ta tsuguna tana yunƙuri, ko cikinta ya kumbura, ki ware ta ki nemi likita a ranar, kada kuma ki matsa cikinta don ƙwan ya fito, domin zai iya fashewa.

Idan kuwa suna cin abinci da kuzarinsu, ki fara da abincin. Ki ajiye musu ɓarzajjen ɓawon kawa ko tsakuwar farar ƙasa irin ta abincin dabbobi a wani mazubi daban, su ɗauka gwargwadon buƙatarsu. Mai tsakuwa ya fi gari amfani, domin ƙwai yakan shafe kusan awa 20 a inda ake yi masa ɓawo, yawanci da dare lokacin da kaza ba ta cin komai, tsakuwar kuma tana zama a ƙundu tana narkewa a hankali. Ɓawon ƙwansu ma yana taimakawa idan kin gasa shi kin daka. Sai kuma rana: kajin da ake kullewa a ɗaki mai duhu suna iya rasa bitamin D3 da hasken rana ke sa jiki ya samar, wanda in babu shi jiki ba zai tsotsi kalsiyam ɗin ba komai yawansa. Kada ki manta da zafi, domin kaza mai haki ɓawonta kan yi siriri ko da abincin ya cika, don haka inuwa da ruwan sanyi ba ƙaramin abu ba ne. Sagara da ta fara ƙwai da tsohuwar kaza su ma sukan yi irin wannan jefi-jefi, wannan ba ya tayar mini da hankali.

Abin da zai sa in ce ki kira likita ko da suna yawo lafiya shi ne idan duka garken ne suka canza a tare. Ki fasa ƙwai ɗaya a faranti ki duba. Idan farin ya tsinke kamar ruwa, ɓawon ya yamutse, kuma kina jin atishawa ko ƙarar numfashi da dare, yana iya zama cutar mashaƙon kaji mai yaɗuwa ko wata cutar kaji da ake kira Niyukasil, dukansu kuma ƙwayar bairas ce ke kawo su, maganin kashe bakteriya ba ya yi musu komai, rigakafi ne ke kare garke. Akwai kuma cutar faɗuwar ƙwai da aka gano a 1976, wadda agwagi kan ɗauke ta ba tare da sun nuna alama ba, kajin ma su ci gaba da harkarsu amma ƙwai ya yi ta zuwa babu ɓawo. Idan kina haɗa kaji da agwagi, ki gaya wa likita hakan.

Ki riƙa kwashe ƙwai mai laushin da wuri, domin da zarar sun ɗanɗana fasasshe sai su koyi shan ƙwai, ni kuwa wannan hali ya fi cutar wahalar da ni wajen rabuwa da shi. Idan kin je wurin likita, ki tafi da ƙwai ɗaya ko biyu da takardar buhun abincinsu, kuma duk maganin da ya rubuta ki tambaye shi kwana nawa za ku daina cin ƙwan bayan an gama ba su.