Amsoshin tambayoyinku: wane katin girafik ne ake iya haɗawa da wani?

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato saka katin girafik biyu a kwamfuta ɗaya, don haka na tattara su wuri guda.

Ta farko daga wani ɗan'uwa a Zariya ce. Ya ce: "Ina da GTX 1060 mai giga 6, sai na ga GTX 1070 tokumbo da araha, mai shagon ya ce in na haɗa su da SLI ƙarfinsu zai ninka. In saya?"

Ɗan'uwa, in don haɗawa ne kar ka saya. SLI hanyar Nvidia ce ta haɗa katuna biyu su yi aikin gem tare ta wata 'yar gada da ake maƙala musu a sama, GTX 1060 kuwa ba ta yin SLI kwata-kwata, duba saman katin naka da kyau, ba za ka ga ɗan haƙorin nan da ake maƙala gada a kai ba, Nvidia ba su saka mata shi ba tun asali. Ko da ma tana yi, ƙa'idar SLI ita ce katin biyu su zama samfuri ɗaya da memori iri ɗaya, 1070 da 1070, 1080 da 1080. Kamfanin da ya haɗa katin ba matsala ba ne, kana iya haɗa na MSI da na Zotac ko Gigabyte muddin cif ɗin ciki ɗaya ne, amma 1070 da 1080 ba su haɗuwa, 1070 da 1070 Ti ma ba su haɗuwa duk da sunan ya kusa.

A jerin GTX 10 daga 1070 zuwa sama ne ke yi. A RTX 20 suka canza gadar zuwa NVLink, kuma 2070 Super, 2080, 2080 Super da 2080 Ti ne kawai ke da ita, 2060 da 2070 zalla babu. A RTX 30 sai 3090 da 3090 Ti kaɗai, da aka zo RTX 40 kuwa ko 4090 ba ta da wurin gadar. Ka ga kenan su kansu masu abin a hankali suka riƙa janye jiki, kuma tun Janairun 2021 Nvidia ta daina saka sabbin saitin SLI a direbobinta, ta bar wa masu ƙirƙirar gem su yi da kansu in sun ga dama, mafi yawansu kuwa ba su ga dama ba.

Sannan maganar "ƙarfi zai ninka" ɗin nan, ko a lokacin da SLI ke tashe ba haka take ba. Yadda abin ke aiki, kati ɗaya ya zana hoto na farko, ɗayan ya zana na biyu, suna karɓa-karɓa, don haka dole kowanne ya riƙe kwafin komai a memorinsa. Giga 8 da giga 8 a SLI giga 8 ne, ba 16 ba. Kuma in tazarar fitowar hotunan ba ta daidaita ba sai ka ga lambar FPS, wato yawan hotuna a daƙiƙa ɗaya, ta hau amma gem ɗin na ɗan sarƙewa a ido, wanda ni a ganina ya fi ƙarancin FPS ɗin ban haushi. Shawarata, sayar da 1060 ɗin ka cika ka ɗauki 1070 ita kaɗai, ko ka ƙara haƙuri ka tara na RTX 3060.

Ta biyu daga Kaduna: "Malam ni RX 570 nake da ita mai giga 4, abokina zai ba ni RX 580 mai giga 8 a rabin kuɗi. An ce AMD ba su da tsauri kamar Nvidia, gaskiya ne?"

Gaskiya ne. CrossFire, wato irin SLI ɗin katunan AMD, wanda kamfanin ATI ta fito da shi a 2005 kafin AMD ta saye ta, tun can yana yarda a haɗa katunan gida ɗaya ko da lambarsu ta bambanta, HD 7970 da HD 7950 misali, ko R9 290 da 290X. RX 570 da 580 ma cif ɗin Polaris ne dukansu, suna haɗuwa, kuma ba ka buƙatar gada don tun daga R9 290 ta ramin PCIe, wato ramin da ake soka katin a madabod, suke magana da juna. Madabod ma sun sassauta, SLI sai bod mai lasisin Nvidia da ramuka biyu masu gudun x8 aƙalla, shi kuwa CrossFire ko rami na biyu x4 ne, wato rabin x8, zai tashi, shi ya sa za ka ga an rubuta CrossFire a kwalin bod ɗin B450 da yawa amma babu SLI.

To amma tashi daban, amfani daban. Za ka koma giga 4 ne saboda ƙaramin ake bi, wato ka sayi mai giga 8 ka jefar da rabi. AMD ma ta ajiye sunan CrossFire tun 2017, katunan RX 5000 da suka fito a 2019 ba su zo da shi ba, sabbin gem kuma ba ruwansu da kati na biyu, zai zauna ne fankarsa na juyawa yana shan wuta. Wutar kuwa ba kaɗan ba, 570 tana jan wajen wat 150, 580 wajen wat 185, ka haɗa da firosesa da sauran kaya, fawa saflai ɗin nan marar suna da ke zuwa da akwati ba za ta ɗauka ba, in kuma da inbata kake aiki ko ƙaramin janareta to lissafa da kanka, ga zafin watan Afrilu a ɗaki ba AC.

Karɓi 580 ɗin, cire 570 ka sayar, shi kenan. Sai dai ka bincika kafin ka biya, don tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katin girafik a Satumbar 2022 kasuwar tokumbo ta cika da RX 570 da 580 da suka yi shekaru suna aiki dare da rana, wasu an canza musu BIOS, wato manhajar da ke cikin katin, har direban AMD ya ƙi karɓarsu. Buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati ka duba, 580 ta gaske lambar Shaders ɗinta 2304 ce, in ka ga 2048 to wannan da ake kira 2048SP ce, kusan 570 ce aka canza mata suna. Ka kuma kunna FurMark, manhajar gwada ƙarfin kati, na ɗan lokaci ka ga ko hoto zai fara ɗigo-ɗigo ko zafi ya haura. Abokinka ne na sani, amma shi ma wataƙila bai san tarihin katin ba.

Ta uku daga wata 'yar'uwa a Kano, kuma ita ce ta farko a yau da zan ce wa eh. Ta ce tana zanen gidaje da Blender tana kuma tace bidiyon biki, tana da RTX 3060 mai giga 12, ƙaninta ya bar mata RTX 2060, shin za ta iya saka su tare?

Hajiya saka abinki. Aikin renda, wato fitar da hoton ƙarshe daga zane, ba ya buƙatar SLI ko gada ko kati iri ɗaya, Cycles, injin renda na Blender, raba aikin yake yi tsakanin katunan kowanne ya yi nasa. Ki shiga Preferences, ki je System, ki zaɓi OptiX, za ki ga sunayen katunan biyu, ki yi wa kowanne alama. Abin lura ɗaya, kowane kati sai ya loda dukkan zanen a memorinsa, don haka in aikin ya wuce giga 6 na 2060 za ki ga matsala, ranar da kike babban aiki sai ki cire alamar 2060 ki bar 3060 ita kaɗai. Kuma ki tsaya a gida ɗaya, Cycles ba ya haɗa Nvidia da AMD a renda guda, ko OptiX da CUDA na Nvidia ko HIP na AMD, ɗaya ake zaɓa. A ɓangaren bidiyo, in DaVinci Resolve kike amfani da shi, na kuɗi wato Studio shi ne ke cin moriyar kati fiye da ɗaya, na kyauta a Windows ɗaya yake ɗauka.

Kafin ki saka, buɗe akwatin ki duba ko akwai dogon rami na biyu a bod ɗin, ko x4 ne ya isa renda, sannan ki ga ko akwai tazara, don in na ƙasa ya manne da fankar na sama to na saman zai riƙa shaƙar iska mai zafi yana rage gudu da kansa. 3060 wat 170, 2060 wat 160, fawa saflai mai kyau ta wat 750 za ta riƙe su da sarari, kowane kati kuma a ba shi wayarsa daban daga fawa saflai, kar a yi ta jona adafta.

Akwai kuma wanda ya tambaya a taƙaice ko 3060 biyu za su yi masa wajen kunna manhajar AI a kwamfutarsa ba tare da intanet ba. Za su yi, kuma nan ne ma memori ke haɗuwa da gaske, don manhajoji irin su llama.cpp suna yanka model ɗin su ɗora wani sashe a kati ɗaya wani a ɗayan, sai ka samu kusan giga 24 na lodi. Gudun dai ba zai kai na 3090 guda ɗaya ba, wadda ita ma giga 24 ce, tana jan wat 350, kusan daidai da 3060 biyu. In farashinsu ya zo kusa a inda kake saye ɗauki 3090, in kuma kana da 3060 ɗaya a hannu to ƙara ta biyu ya fi sauƙi a aljihu.