Tambaya da Amsa: Ina so a ɗaura mana aure a daji, daga ni sai ita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni malamin makaranta ne a garin Gombe, kuma akwai yarinyar da nake nema a Bauchi; iyayenta sun karɓi kuɗin gaisuwa, har an yanka sadaki. Abin da ya tsaya mana shi ne hidimar biki, domin gwaggonninta sun jero kamu da wuni da dina da anko kala uku, ga akwatunan lefe da aka ƙayyade, alhali albashina ba zai ɗauki ko rabin wannan ba. Ina gani a Instagram yadda Turawa ke tafiya kan dutse ko cikin daji su biyu a ɗaura musu aure, sai daga baya dangi su ji. Na yi niyyar in ɗauke ta tare da wani malami da abokaina biyu mu je wuri mai kyawun gani a ɗaura a can. Tsakanin Yankari da Sumu da Dadin Kowa, wanne ya fi dacewa? Daga ƙaninki, wani mai karatu a Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan gaya maka wurin da ya fi, amma sai na fara cire wani abu daga cikin shirin naka, domin a jerin mutanen da ka lissafa babu mutumin da aure ba ya ɗauruwa sai da shi, wato waliyyin yarinyar. A mazhabar Malikiyya da ake hukunci da ita a kotunanmu, mace ba ta aurar da kanta, kuma malamin da ka ɗauko a mota ba ya zama waliyyi don kawai ya iya karanta huɗuba, matuƙar mahaifinta yana raye yana kusa bai kuma wakilta shi ba. Sannan idan aka ce wa shaidu su ɓoye maganar har wani lokaci, an faɗa cikin abin da malamai ke kira auren sirri, wanda hukuncinsa shi ne a raba. Ka ga ke nan za ka kashe kuɗin mota da na masauki, ka dawo da auren da alƙali zai iya warwarewa, da surukin da ba zai manta an tsallake shi ba.

Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne, rigimarka ba da mahaifinta ba ce, tunda shi ya riga ya ba ka. Rigimarka da tsadar biki ce, kuma ɗaurin aure shi ne ɓangaren da ya fi kowane araha: waliyyi da wakili, shaidu biyu adalai, sadaki, sai sigar nema da bayarwa, sai goro da alewa da dabino da za a raba. A al'adarmu ma amarya ba ta zuwa wurin, tana cikin gida ake shafa fatiha a masallaci ko a ƙofar gida, saboda haka ko da an kai ɗaurin auren gindin dutse mafi kyau a ƙasar nan, ba abin da zai ƙaru. Ka tura kawunka ko wani dattijon da ake jin nauyinsa ya sami mahaifinta, ya faɗa masa gaskiyar ƙarfinka, a roƙi a taƙaita hidima zuwa ɗaurin aure da walima da kai amarya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya guda ce, kuma uba da ya amince da wannan ya fi ka iya shawo kan 'yan uwansa mata. Bayan an kawo maka amarya an yi sayen baki an watse, sai ka ɗauki matarka ku tafi dajin da halalinku, kowa ya san inda kuka nufa.

Idan har kwana za ku yi, Yankari ce amsar, kuma babu na biyunta a wannan yanki. Gandun yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Daga Gombe za ku bi hanyar Bauchi ku wuce Alkaleri, ku karya a Dindima zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji, daga nan kuma akwai tafiyar kusan kilomita 42 a cikin daji kafin a isa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke. Wannan tazara ita ce kyawun wurin, ita ce kuma abin da za ka yi wa tanadi, domin babu kantin da za ka leƙa idan ka manta magani, kuma layin waya ba abin dogaro ba ne a ko'ina.

Abin da ke jan ma'aurata can shi ne ruwan Wikki, wanda ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garai-garai har kana hango yashin ƙasansa, kuma ɗuminsa yana nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina. Sai dai ka sani wurin wanka ne na kowa da kowa, maza da mata, kuma a hutun Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara, ko ranar da makarantu suka kawo ɗalibai yawon buɗe ido, ba za ka sami shirun da kake nema ba. Wanda ke son kaɗaici da amaryarsa ya je tsakiyar mako, ya sauka bakin ruwan bayan sallar asuba kafin sansanin ya farka. Ita kuma ta tanadi suturar da za ta shiga ruwa da ita hankalinta kwance, idan ma tana son shiga.

Lokacin tafiya yana da muhimmanci fiye da yadda mutane ke zato. Da damina daji yana yin kore shar, hoto yana yin kyau, amma ciyawa tana yin tsawon da za ta ɓoye ko ɓauna, hanyoyin cikin gandun kuma suna caɓewa. Daga Disamba zuwa Janairu akwai sanyi mai daɗin yawo, sai dai hazon hunturu yana dusashe nesa, dutse da bishiya duk su koma fari-fari a hoto. Masu son ganin dabbobi sun fi zuwa daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afirilu, lokacin da tafkuna suka ƙafe, gwanki da ɓauna da gwambaza suka koma shan ruwa a kogin Gaji, amma zafin wannan lokaci ba wasa ba ne. A ganina, ga sababbin ma'aurata, ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu ya fi, domin ba farauta ce ta kai ku ba. Kada kuma ka yi wa amarya alkawarin giwa. Garken Yankari yana cikin mafiya girma da suka rage a Najeriya, amma daji ne mai faɗi, wani ya gani a fitar farko, wani ya kwana uku bai ga ko sawu ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da masu ɗora hotuna ba sa faɗa. Na farko shi ne manyan biran sansanin, waɗanda suka saba da mutane har ba sa jin kora: kana sauke kaya daga mota, ɗaya zai zauna can gefe kamar ba ruwansa, da ka juya baya sai ya sure ledar ya haye rufin ɗaki yana kwance ta kana kallo. Dubulan da cincin da alkakin da aka haɗo ku da su a saka su cikin jakar da ke zugewa, a riƙa kulle ƙofa da taga ko da fitar minti ɗaya ce. Na biyu shi ne ƙudan tsando a wuraren da ke kusa da kogi, wanda baƙin tufafi da shuɗi ke jawowa, don haka ranar fita kallon dabbobi amarya ta ajiye baƙar abaya ta sa mai ruwan ƙasa. Fitar kuwa da ɗan rakiya na gandun ake yin ta, ba a sauka daga mota don neman wurin ɗaukar hoto sai ya ba da izini.

Sumu, da ke kusa da Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa, tana da raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006, kuma ganinsu ya fi sauƙi saboda wurin ƙarami ne. Ku ɗauke ta a matsayin ziyarar wuni guda daga Bauchi. Madatsar ruwan Dadin Kowa a kan kogin Gongola ita ce mafi kusa da kai kuma mafi araha, ta dace da fitar yamma, amma ba daji ba ce irin wanda ka kwatanta.

Maganar tsaro kuwa kada ka ɗauke ta daga hotunan bara. Wasu ƙauyukan Alkaleri sun yi fama da 'yan bindiga a shekarun nan, saboda haka ka kira ofishin gandun a makon da za ku tafi ka ji halin da hanya take ciki, ka kama ɗaki tun kafin ku tashi, ka kuma tambayi kuɗin shiga da na motar zagaye a lokacin. Ku bar Gombe da safe da cikakken mai a tanki yadda za ku isa Wikki rana tana sama, kuma ka bar wa mahaifinta da naka ranar tafiya da ranar dawowa.