Kuɗin ƙungiya da taron teloli: amsa ga yaron shagona

Ɗana, tunda aka ɗora maka riƙon littafin ƙungiyar telolinmu ta Zariya kake tambayata abu ɗaya: me ya sa sunaye suka cika littafi, amma ranar taro benci biyu ba ya cika? Ka ce shugabanni sun rabu gida biyu, wasu na so a ninka tarar rashin zuwa, wasu na so a rage kuɗin wata, kana son jin ɓangaren da nake. Ba na bayan ko ɗaya daga ciki, kuma zan gaya maka dalili.

Buɗe littafin ka bi sunayen waɗanda suka daina zuwa. Za ka tarar kusan babu wanda ya yanke zuwa rana ɗaya. Mutum ya tsallake wata guda saboda kasuwa ta yi sanyi bayan Sallah, wata na biyu iyalinsa ta haihu, na uku ya duba ya ga bashi ya taru, ga tara a kai. Ya kuma san abin da ake fara yi a taronmu: ma'aji ya miƙe ya karanto sunayen masu bashi a gaban kowa, har da yaran da shi ya koya wa riƙon almakashi. Wane magidanci ne zai rufe shagonsa, ya biya kuɗin mota, ya zo a kira sunansa haka? Kunya ce ta zaunar da shi. In kun ninka tara kun ƙara masa dalilin zama. In kun rage kuɗin wata kuka bar tsohon bashi da kiran suna, kun bar ciwon inda yake.

Saboda haka tsohon bashin nan za a fara taɓawa. A soke tara gaba ɗayanta. Shi kuma uwar bashin, a ce duk wanda ya dawo ya biya na wata uku a jere, an yafe masa na baya. Na san masu biya a kan lokaci za su yi gunaguni, kuma suna da gaskiya, don bai kamata wanda ya cika alkawari ya zama daidai da wanda ya saɓa ba. A saka musu ta wata hanya: shekara guda su ne kan gaba wajen rance da wajen rabon kayan da ƙungiya ta saro. Amma kuɗin da kuke lissafawa a matsayin bashi ba zai taɓa shigowa ba, ku daina korar mutane a kansa.

Daga nan a raba karɓar kuɗi da taro. Kada a ƙara karɓar ko kwabo a wurin zama. A bi mutane shago duk mako, kamar yadda mai karɓar adashi ke yi, a rubuta a katin mutum a gabansa. Yi lissafin da kanka. Naira 1,000 a wata ta kama 12,000 a shekara. Naira 200 a mako ta kama 10,400. A takarda kun yi asarar 1,600 a kan kowane mutum, amma tela da ya gama karɓar kuɗin ɗinki ranar Alhamis ba ya jin fitar ɗari biyu, dubu ɗaya kuwa sai ya yi tunani. Wanda ya fi son tura kuɗi ta waya ya tura, amma cikin asusun ƙungiya, ba na ma'aji ba, ba kuma naka ba. Ka kiyaye wannan ko da an matsa maka, don sunanka ya fi kuɗin daraja.

Kuma kowa ba zai biya daidai ba. Yaro mai koyo kamarka a rubuta sunansa kyauta, ya riƙa zuwa yana saurare. Wanda aka yaye bana, yana fama da kuɗin haya da bashin keke, ya biya rabi har shekara ta zagayo. Mai keke ɗaya ya biya cikakke. Wanda ke da kekuna jere da injin surfani na kwamfuta da yara suna masa aiki ya biya ninki, ni ma ina cikinsu, kuma ba zan yi musu ba, don mu muka fi cin moriyar ƙungiya idan rigima ta taso. Sannan a bar ƙofa a buɗe ga mai son biyan na wata uku ko huɗu a dunƙule cikin azumi ko gab da Babbar Sallah, lokacin da aljihu ke da nauyi. Sana'armu ta lokaci ce, kuɗin ƙungiya ma ya bi lokacin.

Yanzu taron kansa. Waɗanda suka tsara mana zama ɗaya a wuri ɗaya duk wata sun yi shi lokacin da kuɗin mota ba abin damuwa ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin ya sauya. Tela da ke Samaru ko Palladan, kafin ya biyo ta Kwangila ya wuce Tudun Wada ya shiga Ƙofar Doka, ya sauya abin hawa, ya kuma koma, abin da ya kashe ya fi kuɗin ƙungiyar na mako, ban da yinin aikin da ya tafi. Zariya ba dunƙule take ba, ƙananan hukumomi biyu ne ma, Zariya da Sabon Gari. A yi rassa: na birni daban, na Tudun Wada da Gyallesu daban, na Sabon Gari da Muciya daban, na Samaru daban. Kowane reshe ya zauna sau ɗaya a wata inda mutum zai taka da ƙafa. Babban taro na kowa da kowa sau uku a shekara ya isa, a riƙa zagayawa da shi.

Lokaci kuma a zaɓe shi da sanin waɗanda ake gayyata. Asabar ranar karɓar kayan biki ce. Juma'a ka sani. Lahadi da safe 'yan uwanmu Kiristoci na Sabon Gari da Wusasa suna coci, kuma telolin kirki ne da ƙungiya ke bukata. Lahadi bayan La'asar ta fi, a tashi kafin Magariba, kiran salla shi ne mai rufe taro, ba mai iya ja da shi. A fara da waɗanda suka zo, ko su biyar ne. Jiran manya na awa guda ya kori masu zuwa da wuri fiye da yadda kake zato. Cikin azumi da kwanakin farko na Zulhajji kada a sa taro sam, kowa yana kwana kan keke. Tsakiyar Disamba ma haka.

Ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Ko taro ya zo ƙofar shagon mutum, ba zai tashi daga kan keke ba sai in ya san zai koma da wani abu. Me muke ba shi yanzu? Addu'a, karanta bayanin zaman baya, gardama kan wanda zai zauna kujerar gaba, addu'ar tashi. Ni da zan tsara, minti goma na farko na lissafi ne: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, a riƙe takardar banki a zagaya da ita hannu-hannu, don gani ya kori ji. Ragowar lokacin na sana'a ne. Wannan wata makanikin keke ya zo ya nuna yadda ake daidaita keken da ke tsallake ɗinki ko tsinka zare, don kada mutum ya kira shi kan abin da zai iya gyarawa da kansa. Wata mai zuwa tsoho daga cikin masu ɗinkin hannu na birni ya shimfiɗa babbar riga ya nuna yadda ake zana aska takwas kafin allura ta taɓa ta. Ilimin nan yana ƙarewa tare da masu shi, yaranmu kuma kwamfuta kawai suka sani. Wani watan ku matasa ku koya mana ɗaukar hoton kaya da tallarsa a WhatsApp. Wani kuma a zauna a fitar da abin da ɗinkin kaftani ɗaya ke ci na zare da shafi da maɓalli da man janareta, don da yawa cikinmu suna ɗinki a kan asara ba su sani ba.

Kuɗin da aka tara kuwa ya riƙa komawa ga masu shi ido na gani. A haɗa a saro zare da shafi da zif daga Kantin Kwari a Kano, a raba a farashin sari. A ware wani kaso na rance marar ruwa ga wanda kekensa ya mutu ana tsakiyar aiki. A ware na gobara da rashin lafiya da rasuwa, a rubuta adadinsa tun kafin abin ya faru, kada ya zama wanda yake kusa da shugaba ya fi samu. In makaranta na neman masu ɗinka kayan ɗalibai da yawa, ƙungiya ta karɓo ta raba wa masu kati. Ranar da mutum ya ga maƙwabcinsa ya sayi zare da rahusa saboda katinsa cike yake, shi zai zo yana nemanka da ɗari biyunsa.

Kafin kuɗi ya yi yawa a buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, biyu su isa cire kuɗi. Banki zai nemi takardar rajista, ko ta hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ko ta ƙungiyar gama kai a wajen gwamnatin jiha. Ku nemi wanda ya san hanya ya duba wadda ta fi dacewa da ku.

Kada kuma ku manta da mata. Cikin gidajen birni akwai masu ɗinkin hula da aikin wuyan riga da yawa, da hannunsu ake gama kayan da muke karɓar yabo a kai, amma ba sa cikin littafinka. Ba za su zo zaman maza ba, ba kuma a bukatar su zo. A ba su reshensu, da mai karɓar kuɗinsu mace, da wakiliya a babban taro.

Saura yadda za ka kai maganar, kuma nan ne yara suka fi ɓata abu mai kyau. Garin nan ya san shugabancin sana'a tun da daɗewa. Mahauta na da Sarkin Pawa, maƙera na da sarkinsu, magina na da nasu shugaban tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na birni a mulkin Sarki Abdulkarimu. Dattawanmu a wannan tarbiyya suka tashi, kuma akwai aikin da su kaɗai ke iya yi: sasanta tela da mai kaya idan an ɓata shadda kafin magana ta kai wajen 'yan sanda, da tsawata wa maigidan da ya janye yaron wani kafin a yaye shi. Ka bar musu wannan da girmansa. Kada ka miƙe cikin taro ka ce tsarinsu ya gaza. Ka bi shugaba har gida bayan Isha'i, ka gaishe shi, ka nuna masa littafin da lissafin ɗari biyun nan, ka yi shiru ya yi tambayoyinsa. Haka za ka yi wa ma'aji, shi ma shi kaɗai, don shi zai fi jin kamar ana zarginsa. In sun gamsu, shugaba ne zai faɗa da bakinsa ranar taro, kai kana rubutawa. Ka roƙe su a gwada na wata shida a reshe ɗaya tukuna, Tudun Wada ta fi sauƙi tunda shagunan kusa suke da juna. Wajen shugaba zan raka ka gobe in Allah ya kai mu, na ma'aji kuwa ka je kai kaɗai.