Keken Gangaren Dutse: Wanne Zan Saya da Kuɗin Hannuna?

Tambayoyin da muka ware wa wannan fitowar duk a kan wasa ɗaya suke, wato gangarowa daga dutse a guje da keke. Mun taƙaita wasiƙun da suka yi tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kallon masu gangaren dutse da keke a YouTube, ga duwatsu kuma sun kewaye mu. Ina so in fara, amma kuɗina ba su taka kara sun karya ba. Lallai sai na sayi irin keken da ake gasa da shi? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A'a. Ko da kuɗin sun kai, ba za mu ba ka shawarar farawa da shi ba.

Keken gasar gangare shokarsa ta gaba da ta baya kowacce tana nutsewa kamar milimita 200, fok ɗinsa, wato ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe da ƙafar gaba, mai kafaɗa biyu ne irin na babur, nauyinsa kilo 16 zuwa 18, giyarsa sau da yawa bakwai ce kacal kuma duk masu nauyin takawa. An ƙera shi ne don wurare irin su Whistler a Kanada, Fort William a Sukotlan da Les Gets a Faransa, inda na'ura mai tafiya kan waya take ɗaukar mutum da kekensa ta kai shi ƙololuwa, nasa kawai ya sauko. A Jos ƙafarka ce za ta kai ka sama. Da irin wannan keken, turi za ka yi na rabin awa don gangarowar minti uku. Sabonsa kuma ko mai araha ya kan haura dala dubu 3.

Abin da ya dace da kai ɗaya ne cikin biyu. Na farko, keke mai shoka a gaba kaɗai, baya kuwa firam ne tsagwaronsa. Ka nemi wanda fok ɗinsa ke nutsewa milimita 130 zuwa 150, kusurwar wuyansa kuma digiri 64 zuwa 66. Wannan kusurwar ita ce mutane suka fi mantawa da ita, alhali ita ke riƙe ka. Idan wuyan keke ya miƙe tsaye, kamar digiri 69 ko 70 na tsofaffin kekunan daji, tayar gaba tana shiga ƙarƙashinka a gangara mai tsanani, da ta ci karo da dutse sai ka tashi ta saman kan keken. Idan ya kwanta, tayar tana gaba da kai, tana hawa dutsen kafin nauyinka ya iso. Irin wannan keken ya fi arha, gyaransa kaɗan ne, kuma yana tilasta maka koyon zaɓar hanya, domin duk dutsen da ka taka da gangan ƙafafunka ne za su biya.

Na biyu, idan aljihu ya ɗan yi nauyi, na hannu mai shoka gaba da baya, irin wanda ake kira enduro, mai nutsewa milimita 150 zuwa 170. Yana hawa tudu, yana kuma sauko da kusan duk abin da sabon shiga zai iya fuskanta cikin shekarunsa na farko.

Kowanne ka ɗauka, abubuwa uku ba a sassauci a kansu. Birki ya zama na faifai mai aiki da mai, ba na waya ba. Ƙafar gaba ta zama mai sandar ƙarfe mai kauri da ke ratsa cibiyarta, milimita 15 ko 20, maimakon siririn tsinken nan mai maɗauri. Ƙafafun fok ɗin kuma kaurinsu ya kai milimita 34 zuwa 36, irin na RockShox Yari da Lyrik ko Fox 34 da 36. Fok mai milimita 28 ko 30 lanƙwasa yake yi idan ka taka birki a kan dutse, za ka ji kan keken yana rawa a hannunka.

Sannan kada ka zuba kuɗin duka a keke. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu don hular kwano mai rufe haɓa, makarin gwiwa, safar hannu da gyaran farko. Hular da aka gwada don gangare tana ɗauke da lambar ASTM F1952 a cikinta. Hula kam sabuwa ake saya, domin kumfar cikinta sau ɗaya take shanye bugu mai ƙarfi, kuma ba a ganin ta mutu daga waje.

TAMBAYA: A kasuwa akwai sababbin kekuna masu sifirin a tsakiya da manyan tayoyi, kuɗinsu bai kai rabin na hannun da kuke yabo ba. Me zai hana in ɗauki sabo dal? Daga Kaduna.

AMSA: Malam, kama da wane ba ta wane. Sifirin ɗin da kake gani a tsakiyar waɗannan kekunan ba shi da mai a ciki. Shoka ta gaskiya abu biyu ce: sifirin ko iska da ke shanye bugu, da kuma mai da ke bi ta ƙananan ramuka yana rage saurin dawowarta. Idan babu man, yadda ta matse da ƙarfi haka za ta dawo da ƙarfi, ta cilla bayan keken sama a daidai lokacin da kake buƙatar taya ta manne da ƙasa. Ga mahaɗan firam ɗin da roba ko kusa kawai ke riƙe da su maimakon boris, ba a jimawa suke fara girgiza. Ga nauyi kamar buhun masara.

Manyan kamfanoni suna rubuta ajin kekensu a jikin firam ko a littafinsa, daga 1 zuwa 5. Aji na 3 an gwada shi da tsallen da bai wuce santimita 61 ba, aji na 4 har santimita 122, aji na 5 shi ne na gangare zalla. Sabon shiga aji na 3 ko na 4 ya ishe shi. Irin na kasuwar nan, wasu ma da takarda manne a jikinsu mai cewa kada a hau su a wajen titi. Don zuwa makaranta ko kasuwa ba su da laifi.

TAMBAYA: Na samu keken enduro na hannu, mai shi ya ce lafiyarsa ƙalau. Me zan duba kafin in biya? Daga Abuja.

AMSA: Ɗan'uwa, ka tafi da tsumma da fitilar waya, kuma a duba shi da rana. Ka fara da firam, domin shi kaɗai ne ba ya gyaruwa. Goge duk wuraren walda: ƙarƙashin wuya, kewayen inda feda ke juyawa, wurin da shokar baya ta maƙale, da sandunan da ke riƙe da ƙafar baya. Tsagar alminiyam siririya ce kamar gashi, sau da yawa baƙin layi ne a gefen walda. Idan ka gan ta, ka yi sallama ka tafi. Kada wani ya ce maka mai walda zai ɗinke. Alminiyam ɗin keke bayan walda sai an gasa shi a wani ƙayyadadden zafi kafin ƙarfinsa ya dawo, idan ba a yi ba gefen ɗinkin ne zai sake ɓallewa, kuma a kan gangara zai yi hakan. Firam ɗin kabon na hannu kuwa mun fi son sabon shiga ya bar shi, saboda yana iya rauni a ciki fentin waje yana sheƙi.

Sai fok. Shafa yatsa a kan sandunan nan biyu masu santsi da ke shiga suna fita. Duk ƙarzanen da farce ya kama zai riƙa yanka robar da ke tare mai, ƙura ta shiga, mai ya fita. Wurin da launinsu ya koɗe alama ce an daɗe ana hawa babu mai. Danna fok ɗin da ƙarfi ka saki: ya dawo a natse, babu ƙarar tsotsa mai yawa, babu bugu a ƙarshe. Ka murɗa maɓallin saurin dawowa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, idan ba ka ji bambanci ba, cikinsa ya mutu.

Kama sirdi ka ɗaga bayan keken a hankali. Idan ka ji ƙwas kafin taya ta bar ƙasa, boris ɗin mahaɗa ko bushin shoka sun ci. Wannan yana gyaruwa, sai dai a rage maka kuɗi. Riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya, hannu ɗaya a wuyansa, don jin ko boris ɗin wuya ya saki. Juya kowace ƙafa ka ga ko rim ya karkace ko ya loɓa. Faifan birkin Shimano sabo kaurinsa milimita 1.8 ne, idan ya sauka zuwa 1.5 ya gama aiki.

Tambaya ɗaya za ka yi wa mai shi: yaushe aka canza man fok da na shoka? Kamfanin RockShox ya ce a yi ƙaramin gyara duk bayan awa 50 na hawa, babba kuma bayan awa 200. Da ƙurar hunturu irin tamu, awa 50 ma ta yi yawa. Idan ya yi shiru, ka lissafa kuɗin gyaran cikin ciniki, kuma ka tabbata akwai inda za ka samu robobin wannan samfurin kafin ka biya. Keke mai ƙafa inci 26 ya kan yi arha sosai, dalili kuwa kamfanoni sun koma inci 27.5 da 29 tun sama da shekara goma, tayoyin gangare masu kyau na 26 sai an sha nema.

Wani abu da ke kayar da mutane a ranar farko: kekunan da suka fito daga Ingila birkin gaba yana hannun dama, na Amurka da galibin Turai kuma yana hagu. Ka gwada a tsaye kafin ka hau.

Bayan ka saya, ka daidaita shoka da nauyinka. Sanye da kayan hawa, hau keken ka tsaya kan feda wani ya riƙe maka, sannan ka sauka a hankali ka auna inda zoben robar da ke jikin sandar shoka ya tsaya. Ta baya ta nutse kamar kashi 30 cikin ɗari, wato milimita 18 idan tafiyar sandarta 60 ce. Ta gaba kashi 15 zuwa 20, wato milimita 24 zuwa 32 a fok mai 160. Da famfon shoka ake wannan, mai kai psi 300 a ma'aunin ƙarfin iska. Famfon mai faci ba zai yi ba.

TAMBAYA: Ɗana shekararsa 14, yana ta girma. In saya masa babba ya girma a kai? Daga wani uba a Zariya.

AMSA: Ranka ya daɗe, wannan dabarar a riga take aiki. Keken da ya fi ƙarfin yaro yana miƙar da hannayensa har ƙarshe, ba zai iya karkatar da shi a kwana ba, ba zai iya matsar da jikinsa baya ba idan gangara ta yi tsanani. A saya masa daidai tsawonsa na yau bisa jadawalin kamfanin, ya tsaya ƙafafunsa biyu a ƙasa da sarari tsakaninsa da sandar sama, a matso masa da hannun birki yadda yatsa ɗaya zai kama shi. Na hannu mai kyau idan ya yi masa kaɗan ana sayarwa a ƙara a sayi na gaba.

TAMBAYA: Birkina yana kamawa da kyau a farkon gangara, amma kafin in kai ƙasa sai hannun birkin ya yi laushi har ya taɓa kan keken. Keken ne ba shi da kyau? Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: 'Yar'uwa, zafi ne, kuma matsalar ta girmi kekenki. Gasar gangare ta farko da aka yi a 1976 a gundumar Marin ta Kalifoniya sunanta Repack, ma'ana sake cusawa, saboda kafin a sauko giris ɗin birkin ya ƙone sai an sake cusa wani.

Abu biyu ke faruwa. Idan hannun birkin yana da tauri amma keken ba ya tsayawa, takalman birkin ne suka yi zafi fiye da ƙima. Idan kuma hannun ne ya yi laushi kamar naki, akwai iska ko ruwa a cikin man, zafi ya kumbura su. Maganin wannan a zuƙe tsohon mai a zuba sabo a fitar da iska. A nan a yi hattara: Shimano man ma'adinai yake sha, yawancin tsofaffin birkunan SRAM kuwa man DOT irin na mota, sababbinsu kuma da dama sun koma man ma'adinai. An rubuta a kan murfin. Idan aka zuba na wannan a wancan, robobin ciki za su kumbura, birkin ya tashi aiki gaba ɗaya.

Bayan haka, gyara mafi arha shi ne ƙara girman faifai: milimita 200 ko 203 a gaba, 180 a baya, tare da ƙarfen da ke ɗaga mazaunin birkin, muddin fok ɗin ya yarda da wannan girman. Takalma masu haɗin ƙarfe sun fi jure zafi a kan na roba, sai dai wasu faifan Shimano masu arha an rubuta a jikinsu cewa na roba kaɗai suke ɗauka. Idan har yanzu bai isa ba, a koma birki mai fistan huɗu, kamar Shimano MT420 ko Deore M6120. Sababbin takalma kuma sai an zaunar da su: a fili, ki yi gudu matsakaici ki rage har kusan tsayawa, kamar sau ashirin. Kada ki riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Ki kama da ƙarfi kafin kwana, ki saki ya sha iska.

TAMBAYA: Ƙaya ta ishe ni, kullum faci. Daga Gusau.

AMSA: Malam, idan rim ɗinka ya yarda, ka cire tiyub ka koma taya marar tiyub mai ruwan toshe huda, mililita 90 zuwa 120 a kowace taya. Hudar ƙaya da kanta take toshewa kana tafe. A zafin ƙasarmu ruwan yana saurin bushewa, don haka ka duba shi duk wata biyu. Ka nemi taya mai faɗin inci 2.4 ko 2.5 mai kaurin gefe, irin su Maxxis Minion DHF a gaba da DHR II a baya, domin kaifin dutse gefen taya yake yaga, wannan kuwa ruwan ba ya toshe shi. Mai nauyin kilo 70 ya fara da psi 23 a gaba da 26 a baya. Idan ka ji rim yana bugun dutse ka ƙara biyu, kuma ka riƙa tafiya da tiyub ɗaya a jaka saboda ranar da yagar ta fi ƙarfin ruwan.