Tambaya da Amsa: An hana ni izinin gini, an shafa wa katangata jan fenti

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi fuloti a wajen Arkilla, na kai zanen gini don a ba ni izini. Bayan wata huɗu ina sintiri, sai wani ma'aikaci ya ce mini da baki wai ba a amince ba. Shin magana ta ƙare ke nan? Daga wani magidanci a Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, magana ba ta ƙare ba, domin "ba a amince ba" da aka faɗa da baki ba hukunci ba ne. Abu na farko, rubuta wa shugaban hukumar tsara birane ta jiha takarda kana neman a ba ka matsayarsu a rubuce tare da dalili. Ka sa lambar fayil, lambar fuloti da ranar da ka miƙa zanen, ka haɗa da kwafin rasit. Ka yi kwafi biyu, ka kai ofishin karɓar wasiƙu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Wannan kwafin mai hatimi shi ne shaidarka duk inda maganar ta je.

Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta ce kada a riƙe buƙatar izini fiye da wata uku, kuma idan an ƙi amincewa a bayyana dalili a rubuce. A inda ta ba da damar ɗaukaka ƙara, kwana 28 ta yanka. Sai dai a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka wa'adin da zai ɗaure ka shi ne na dokar jiha da wanda aka rubuta a takardar da hukumar za ta ba ka. Shawararmu, ka miƙa ƙorafinka cikin mako biyu da karɓar takardar.

Da dalili ya zo hannunka, ka duba wane iri ne. Akwai wanda gyara yake so: ginin ya matso titi ko katangar maƙwabci fiye da ƙima, zanen ba shi da hatimin mai zanen gini mai rajista, ko bene ne amma babu lissafin injiniya kan rodi da ginshiƙai. Irin wannan ba a jayayya a kansa, gyara zanen za ka yi ka mayar. Akwai kuma na takardun fili. Da yawa a hannunsu takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa ko uban ƙasa. Tana nuna an yi ciniki, amma bisa Dokar Filaye ta 1978 gwamna ne ke ba da haƙƙin mallaka a cikin birni, kuma sai da amincewarsa ake sauya sunan mai fili. Na uku shi ne mai wuya: fulotin ya hau hanya, magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Layin da ke ɗauke da kilobolt 132 yana buƙatar mita 15 ta kowane gefe, kuma babu ƙorafin da zai sauya wannan. A nan wanda ya sayar maka za ka nema.

Inda ƙorafi ke cin nasara shi ne idan hukuma ta yi kuskuren awo ko ta ɗauki fulotinka a matsayin na wani. Ka ɗauko safiyo, wato mai awon fili, mai lasisi ya sake awo, ya nuna duwatsun iyaka, ya ɗora fulotin a kan taswirar unguwar da gwamnati ta amince da ita. Da wannan za ka rubuta wa shugaban hukumar, in ba a dace ba ka wuce ga kwamishinan filaye, ka nemi a saurare ka kuma a sake zuwa wurin a gabanka. Ranar zama ka je da safiyon, da takardun asali da kwafinsu, ka tsaya kan dalilin da aka rubuta maka. Cewa maƙwabcinka ma haka ya gina ba hujja ba ce; sau tari shi ma janyo masa notis kake yi.

TAMBAYA: Na fitar da shago biyu daga katangar gidana a Mabera. Gini ya kai linta sai muka wayi gari an shafa jan fenti an liƙa takarda. Magini ya ce mu yi sauri mu rufa kwano, wai ba a rushe ginin da aka gama. Daga wata uwar marayu.

AMSA: Hajiya, don Allah kada ki bi wannan shawara. Ci gaba da aiki bayan an ce a dakata laifi ne na daban, kuma yana zubar da tausayin da za a iya yi miki. Ki sallami ma'aikata yau. Ki ɗauki hoton fentin, da takardar a inda aka liƙa ta, da tazarar da ke tsakanin shagon da kwalbati, a sa tef ɗin awo a ƙasa ya fito a hoton.

Sannan ki karanta takardar da kyau: wace hukuma ce, wa ya sa hannu, wane laifi aka ambata, kwana nawa aka ba ki. Ki je ofishin da kanki ko ki tura babban ɗanki a tabbatar daga can ta fito. Idan laifin rashin izini ne kawai, ki rubuta kina neman a daidaita miki takardu, ki biya tara a karɓi rasit na gwamnati. Kuɗin da aka damƙa wa wani a bakin gini ba ya goge komai a fayil. In kuwa shagon ya hau lambatu, gara ki ja da baya da hannunki ki tsira da bulo da ƙofofi, don Mabera ta san abin da toshewar hanyar ruwa ke yi da damina.

Idan kina ganin an zalunce ki, sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba ki haƙƙin a saurare ki. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofishi a Sakkwato kuma kyauta take aiki, amma ba ta karɓar maganar da ke gaban kotu ko wadda ta wuce wata 12, kuma ba ta da ikon tsayar da katafila. Wannan sai Babbar Kotun Jiha. Idan wa'adin rusau ya matso, ki ga lauya nan take ya nemi umarnin dakatarwa. Ki sani dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal take bayarwa a shigar da ƙara a kansu a yawancin ƙararraki, kuma zaryar ofis ba ta tsayar da wannan lissafi.